Kai Malamin Turanci, Ina Maƙalarka?

Na san tun daga kanun nan wasu sun fara taɓe baki. Mutumin Gashuwa ya ture takardar gefe yana cewa, "Ana fama da tsadar masara, shi kuma wannan zancen maƙala ya dame shi." Mutumin Nguru ya gyara zaman hula ya ce, "Wai zai koya mana rubutun binciken Turanci, kuma da Hausa? Allah ya sawwaƙe." To, ku dawo ku zauna, ba inda za ku. Da Hausa zan yi, domin da ita kuke musu a ɗakin malamai, da ita kuke tsegumin shugaban sashe. Turancin ai na ranar cike takardar ƙarin girma ne. Kowa zan bi shi da nasa, wanda ya ji zafi kuma, to shi ne.

Bari in fara da kai, Malam, mai jan biro a aljihun gaba. Ka ce, "Rabu da su, maƙala ai tsanin ƙarin girma ce kawai, ba mai karantawa." Rabin maganarka gaskiya ne. Malamin kwaleji ko jami'a ba ya hawa mataki sai ya ajiye wa kwamiti abin da ya wallafa, wannan kowa ya sani. Amma wa ya ce ba mai karantawa? Taka ce ba a karantawa, kuma kai ma ka san dalili: ko kai da ka rubuta ba ka sake buɗe ta ba tun ranar da aka ƙirga maka maki. A tsakanin garuruwan nan biyu akwai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, akwai Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, ga kuma Kwalejin Ilimi da Nazarin Shari'a a Nguru, ban da makarantun sakandare da firamare. Duk shekara ana yaye malamai, duk shekara yara na zaman jarrabawar WAEC da NECO, kuma wanda bai sami kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya cinye lissafi da kimiyya. Tambayar dalilin da ya sa yaron Nguru yake tuntuɓe a Turanci, da abin da zai ɗaga shi, ba ƙaramar tambaya ba ce. Kai ne kake tsaye a gabansa kullum da alli a hannu. In ba ka rubuta ba, wa kake jira?

Sai ka ce, "To ai na rubuta." Na gani, wallahi na gani. Taken nan ne da ya zaga ƙasar nan kaf: tasirin kayan koyarwa a kan ƙwazon ɗalibai a darasin Turanci a wasu zaɓaɓɓun makarantu. An yi shi a kudu, an yi shi a arewa, kai kuma ka goge sunan ƙaramar hukumar wani ka sa Bade, ka ɗauka an wuce wurin. Har sakamakon an sani tun kafin a fara: kayan koyarwa na da tasiri, gwamnati ta ƙaro kuɗi. Malam, wannan ko mai shayin bakin tasha zai faɗa maka, kuma ba zai nemi maki ba.

Shirin maƙala yana farawa ne daga tambaya guda, ƙarama, wadda kai kanka ba ka san amsarta ba tukuna. Kuma ajinka cike yake da irinta. Duba yaran da ke gabanka. A benci ɗaya za ka tarar da ɗan Bade, da ɗan Manga, da Bafillace, da Bahaushe, wani ma jikan ma'aikacin reluwe ne da kakansa ya biyo layin dogo daga kudu tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Nguru wajen 1930. Dukkansu Hausa suke yi a filin wasa, amma kowa da harshen da ya baro a gida. An daɗe da sanin cewa Bahaushe na cakuɗa sautin p da f in yana Turanci, kuma yana cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu. To shi ɗan Bade fa, wanda harshen iyayensa ya rarrabe sautukan nan biyu, amma ya tashi da Hausa a bakinsa, wanne yake bi? Harshen Barebari, wanda ɗan Manga ke yi a gida, ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, Hausa kuwa tana bambantawa. Shin ɗan Manga ya fi Bahaushe rikita "he" da "she" a insha'i, ko kuwa Hausar da ya iya ta riga ta raba masa gardama? Ga tambaya nan mai kai da ƙafa. Mutumin Landan ba zai iya amsa ta ba, na Ibadan ma haka. Kai kaɗai ke da littattafan yaran a kan teburinka. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Na ji ki, Malama, daga can baya. Kin ce, "Wannan ai ya yi ƙanƙanta, ba za a ɗauke shi bincike ba." Shi ya sa naki taken ya kwaso matsalolin koyar da Turanci a Nijeriya gaba ɗaya, daga furuci har nahawu har auna fahimta, a shafi goma sha biyu. Sannu da ƙoƙari! Maƙala ba kundin digiri na uku ba ce. Aji ɗaya ko biyu, matsala ɗaya, zango ɗaya na karatu, ya ishe ki. In kin gama ki karanta taken da ƙarfi: in bai faɗi su waye, a ina, kuma me aka duba ba, to da sauran gyara.

Ga mai kuka nan ya ɗaga hannu: "Mu nan ba laburare, ba wuta, ga zafin Afrilu, daga Damaturu ma nesa muke balle Abuja." Zafi kam akwai shi, ban musa ba. Amma wayar da kake kwana da ita kana musun siyasa a Facebook har ƙarfe biyun dare, ita ce dai ke buɗe Google Scholar da rumbun mujallun Afirka na AJOL. Datar da ta ishe ka kallon barkwanci za ta ishe ka sauke maƙala goma. Kuma ba tarin sunaye ake nema ba. Bitar ayyukan magabata ba jerin gwano ba ce, wane ya ce, wane ma ya ce, har shafi huɗu, ba a san kai me ka ce ba. John Swales, a littafinsa na 1990 kan nazarin nau'o'in rubutun ilimi, ya nuna cewa gabatarwar maƙala taku uku take yi. Kamar mai neman wurin kasa kaya ne a kasuwa: ya fara zagawa ya ga me ake sayarwa, ya hango inda ba kowa, sannan ya shimfiɗa buhunsa a nan. Ka nuna abin da aka riga aka sani, ka nuna giɓin da aka bari, ka ce ga abin da ka zo cikewa da shi. Shi ke nan.

Kuma magabatan suna nan, ba sai ka ƙirƙiro su ba. In kurakuran ɗalibai za ka nazarta, Pit Corder ya buɗe wannan ƙofa tun 1967, da ya nuna cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta tsarin da yake ginawa a kansa, ba abin bulala kawai ba. Larry Selinker ya ɗora a 1972. Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku a Lancaster a 1982 kan bambancin furuci a Turancin 'yan Nijeriya. Sannan ga abin da zai sa ka ɗan sunkuyar da kai: Farfesa Russell Schuh ya taso tun daga Kalifoniya ta Amurka, shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri da 'ya'yan yankin suka yi aikin harsunan Yobe, aka fitar da ƙamusun Bade da Ngizim da Karekare da Bole da Ngamo, da fassarar Turanci da Hausa, a 2004, aka sake bugawa da ƙari a 2009. Har karin harshen Gashuwa da na yammacin Bade kowanne da nasa ƙamus. Bature ya tsallako teku ya zo ƙofar gidanku, kai kuma nisan Damaturu kake kawo mini?

Yanzu mu zo inda ake yin ta, wato hanyar tattara bayanai. Kada ka sunkuyar da kai, ban kama suna ba. Amma duk mun san labarin takardun tambayoyi ɗari uku da aka cike a gindin maina da rana ɗaya, da biro uku masu launi daban-daban don kada a gane. An ɗauko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 an ce ga yawan samfuri, an zuba "na yarda ƙwarai" da "ban yarda ba" a SPSS, ta tofo alƙaluma masu ɗigo huɗu, aka ce bincike ya kammala. Kifi na ganin ka, mai jar koma. Mai tantancewar da ya san aikinsa yana gane amsoshin da hannu ɗaya ya rubuta, domin 'yan Adam na gaske ba sa yin daidai haka.

Ko da an cike su da gaskiya ma, tsaya ka yi tunani. Kana son sanin ko yaro ya iya rubuta jimla, sai ka tambaye shi ko ya yarda cewa ya iya? Ai zai yarda ƙwarai, har da rantsuwa. Karɓi littafin insha'insa ka ƙirga. Ka ɗauki muryarsa a waya yana karatu. Ka zauna a bayan ajin abokin aikinka ka lura da sau nawa yake komawa Hausa, kuma a wace gaɓa: wajen bayanin ma'ana ne, ko wajen tsawa? Ko ka gwada wata dabara a aji ɗaya na tsawon zango, ka bar ɗayan a kan yadda aka saba, ka auna su kafin da bayan da ma'auni iri ɗaya. Tambayar ce ke zaɓar hanya, ba hanyar da ka iya ba ce ke zaɓar tambaya. Kafin ka fara kuma ka nemi izinin shugaban makaranta, iyaye su san abin da ake ciki, sunan yaro kuwa kada ya fito a takarda. Ɗan mutane ba abin tallan kuskure ba ne.

"To in sakamakon ya nuna dabarata ba ta yi aiki ba fa?" Sai ka rubuta cewa ba ta yi ba, ka faɗi abin da kake jin ya hana. Ka huce wa malami ɗari wahalar gwada ta. Wanda ya lanƙwasa alƙaluma don su yi masa daɗi, shi da mai tauye mudu hukuncinsu na wurin Allah, ni ban ce komai ba.

Sai rubutun kansa. Ga Malam can ya shekara yana gyara jimlar farko ta gabatarwa. Haba! Ba daga nan ake farawa ba. Fara da abin da ka yi, tunda shi ka fi sani: su wa, nawa, yaushe, da me. Ka rubuta shi dalla-dalla yadda malami a Machina ko Jakusko zai iya maimaitawa ba tare da ya kira ka a waya ba. Sannan abin da ka samu, tsurarsa, da jadawali ɗaya ko biyu masu magana. Sannan tattaunawa, inda za ka ce ga ma'anar abin, ga inda ya dace da na magabata, ga inda ya saɓa, ga kuma iyakarsa, domin aji biyu a Nguru ba su ne Arewa ba. Bayan nan ka koma ka rubuta gabatarwa, tunda yanzu ka san inda tafiyar ta kai. Tsakure shi ne na ƙarshe, 'yan layukan nan da ba su cika wuce kalma 250 ba, kuma su ne edita zai fara karantawa, wani lokaci su kaɗai. Manazarta kuma duk wanda ka ambata a ciki ya fito a ƙarshe, wanda ba ka karanta ba kada ka gayyato shi cikon benci.

Kai kuma gwanin manyan kalmomi, da kai nake. Na san an raine ka a kan cewa malamin Turanci shi ne wanda in ya yi magana sai an nemo ƙamus. Jimlarka ɗaya layi tara, mai karatu ya shiga da alwala ya fito ba ita. Editocin mujallun duniya ba sa jin tsoron Turanci, nasu ne. Abin da ke burge su shi ne jimlar da ta faɗi abu ɗaya ta tsaya. In ba za ka iya faɗa wa mai ɗakinka da Hausa abin da ka gano cikin numfashi biyu ba, to Turancin ma ɓoye duhu kake yi da shi.

Ga ɗan zamani yana murmushi, yana shafa waya. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 ya ɗauka an sauke masa nauyi. Ɗana, na'urar nan ta iya jera Turanci, ba musu, kuma za ta iya taya ka gyaran jimla in mujallar ta yarda ka kuma bayyana. Amma ba ta taɓa shiga ajinka ba, ba ta ga littafin yaro ko ɗaya ba. Kuma an san ta da ƙago sunayen littattafai da marubutan da ba a taɓa haifa ba, ta ba su shekara da lambar shafi ba ko kunya. Ranar da mai tantancewa ya nemi ɗaya ya rasa, sunanka ne a saman takardar, ba nata ba.

"Su mujallun Turawa ai ba sa karɓar namu, wariya ce." Ka taɓa aikawa? Ko ɗaya ka taɓa karantawa daga farko har ƙarshe? ELT Journal ta Oxford tana fitowa tun 1946, kuma abin da ta fi so shi ne aikin da ya fito daga cikin aji. TESOL Quarterly tana nan tun 1967. Ga mujallun jami'o'inmu na gida masu mutunci. Tun kafin ka fara rubutu ka zaɓi inda za ka kai, ka karanta ƙa'idojinsu, ka duba maƙalun da suka buga kwanan nan. Za a cire sunanka a ba masana biyu ko uku waɗanda ba su san ka ba, kai ma ba ka san su ba. Za a ɗauki watanni. Za a dawo maka da ita da gyare-gyaren da za su hana ka cin tuwon dare. Wannan ba ƙiyayya ba ce, haka ake yi wa farfesoshi ma. Ka bar ta ta kwana biyu, ka huce, ka amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. In an ƙi ta, ka gyara ka kai gaba.

Wadda za ka guda ita ce mai aiko maka saƙo tana kiranka babban masani alhali ba ta taɓa jin sunanka ba, ta ce turo kuɗi yau a buga jibi. Wani ma'aikacin laburare a Kolorado, Jeffrey Beall, ya yi shekara da shekaru yana jera sunayen irin waɗannan kafin ya rufe jerin a 2017, su kuwa ba su rufe ba. Za su karɓi albashinka su buga har da kuskuren da ke cikin sunanka. Batun kuɗin bincike kuma, TETFund na ware wa manyan makarantun gwamnati kaso na binciken cikin gida, har da kwalejojin ilimi. Sai dai ba a ba mai hira, sai mai takardar shiri a rubuce.

Na bar ka ƙarshe da gangan, Alhaji, domin kai ne babba. Tun ɗazu kake kaɗa carbi kana cewa, "Duk wannan surutu, buhun ƙaro nawa zai saya? Kifin banda kwali nawa?" Ranka ya daɗe, ba zai saya ba. Amma saurari wannan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ile-Ife: aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci kuma darasi ne a cikin darussa, aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa harshe a tsakiyar hanya. Yaran ba su gaza a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. Har yau da wannan binciken ake kafa hujja. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci tun daga ajin farko, bisa hujjar faɗuwa a jarrabawa. Cikin shekara uku an juya jikanka hagu an juya shi dama. Masu goyon baya na da bakin magana, masu suka ma haka. To a ajin da Bade da Manga da Fulani da Hausawa ke zaune tare, wanne ne ma harshen uwan? Me ke faruwa da yaron da ya zo aji ɗaya bai taɓa jin Turanci ba sai a rediyo? Amsar tana Nguru, tana Gashuwa, tana Karasuwa da Yusufari. In ba a rubuta ta an buga inda masu yanke hukunci ke dubawa ba, za a ci gaba da yanke wa jikanka hukunci da alƙaluman garin wasu. Kai da ba ka yarda a yi cinikin buhunka ba ka nan, yaya ka yarda da wannan?

Saboda haka, Malam, ga aikin gida, tunda kai ma ka iya bayarwa. Littattafan insha'in da ke jibge a teburinka, kada ka tsaya a jan layi da rubuta "ka ƙara ƙoƙari". Ɗauki kuskure iri ɗaya, ka buɗe sabon littafi, ka fara ƙirgawa, kana lura da harshen gidan kowane yaro. Zuwa ƙarshen zango kana da abin da ba kowa ke da shi ba a duniya. Mutanen Nguru sun ce su za su riga, wai su suka fara ganin jirgi. Mutanen Gashuwa sun ce jami'a a garinsu take. Ni dai alƙali ne, kuma ba na karɓar shaidar baki: wanda ya riga ya kawo mujallar in gani, da sunan masu gyara a bangonta, ba rasit ɗin banki ba.